Lambar Sani Mai Caji

Ni na rubuta manhajar, gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni. Wata huɗu na yi a kanta a shagona na Bodinga, inda nake buga wa mutane takardu, in babu mai bugu kuma in juya ga laftof ɗina. Ƙungiyar manoman albasa ta Bodinga da Shagari ce ta ba ni aikin. Wasu masu tallafi sun yi musu alkawarin iri da taki na noman rani, amma da sharaɗin kowane manomi a yi masa rajista a kwamfuta, ba a littafi ba. Aka kawo kwamfutocin tebur guda biyu, ɗaya a ofishin Bodinga, ɗaya a na Shagari, babu intanet ko ɗaya. Duk wanda aka yi wa rajista, firinta ta fitar masa da 'yar takarda mai sunansa ya riƙe. Ranar Lahadi ni kuma in bi da filash in kwaso sunayen, in buga, a manna a bango.

A Shagari wadda ke shigar da sunayen ita ce Malama Atika, matar Abdulaziz tela. Tana da difloma a kwamfuta, kuma wannan ne aikinta na farko. Na ji an ce sai da mijin ya yi ta fama da danginsa kafin su yi shiru a kan ta fita ta zauna gaban maza tana tambayarsu suna. Mace ce mai saurin hannu, ba ta da surutu, in ta kira ni a waya kuma ba ta wuce abin da ya sa ta kira.

A mako na uku ta kira ta ce sunaye na ɓacewa. Ta ce ta shigar da mutum fiye da ɗari huɗu, amma abin da kwamfuta ke nunawa bai kai ɗari uku ba. Na ce mata ta kashe ta kunna. Ta ce ta yi. Na ce to ta daina danna abin da ba ta sani ba, na kashe wayata. Haka nake, ban iya jin an taɓa aikina ba, musamman daga bakin wanda ni na koya masa inda ake kunna abin.

Da aka manna takarda ranar Lahadi sai Shagari ta ɗauka. Dattawa suka zo da 'yan takardunsu a hannu, kowa da sunansa a buge, ga shi babu shi a bango. Wani tsoho, Malam Badaru, daga wani ƙauye can bayan fadama, shi ya fara lura da abin da ya ɓata komai. Daga ƙauyensu mutum talatin da ɗaya suka zo rana guda, amma suna ɗaya tak ya fito, na wani saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Aka duba wani ƙauyen, nan ma haka, dattawa sun tafi saurayi ya tsaya. Aka duba na uku, haka. Kafin la'asar magana ta gama gari cewa matar tela tana goge tsofaffi tana barin samari. Kowa ya san abin da ake nufi da wannan, ba sai an ƙarasa ba.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Mijinyawa, ya tara mu ranar Litinin a ofishin Shagari, da ni da ita da dattawa kamar goma. Ya tambaye ni gaban kowa ko kwamfuta na iya cire suna da kanta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, manhajata ba ta cin suna. Abin da aka sa mata shi take riƙewa."

Na faɗi haka ina sane da cewa a shafin da Atika ke aiki babu ma wurin gogewa. Ni na hana, ni kaɗai ke da izinin goge suna. Na san wannan sarai, amma na yi shiru, don na ga in na faɗa ido zai dawo kaina. Atika ta dube ni. Alhaji ya ce ya ba da wa'adi zuwa Alhamis, in sunayen ba su dawo ba ta ajiye makulli, kuma a sanar da dalili a gaban mutane.

Na koma Bodinga raina a ɓace, wai ni ake son ɗora wa shirmen wata. Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Na ce bairos ne, wato cutar kwamfuta, don na san yadda ake cusa kowane filash a waɗannan kwamfutocin, na kwashe rumbun bayanan Shagari na bincike shi tas, babu komai. Na ce filash ɗina ne ya lalace, na sayi sabo, sunayen da babu dai babu su. Na ce janareta ne, don na ofishin Shagari yakan mutu ba sallama, wataƙila yana yankewa ana tsakiyar adanawa. Na zauna ina shigar da suna ina fizge waya daga bango da gangan, har sau goma sha biyar. Manhajar ta riƙe komai, ko ɗaya bai faɗi ba. Wallahi har wani daɗi na ji, na ce ka ga aikin mutum.

Ranar Talata na ƙirƙiri manoma ɗari biyu na ƙarya na zuba mata. Na ba su sunaye, na ba su ƙauyuka, na ba kowa lambar waya, wannan ta ƙare da ɗaya, na gaba da biyu, na gaba da uku, haka har ƙarshe. Na ƙirga, ɗari biyu cif. Na nemi wani rubutu da zai nuna mini abin da ya faru da kowane suna bayan an adana shi, sai na tuna ban taɓa sa manhajar ta riƙa ajiye irin wannan tarihi ba. Lokacin da nake rubuta ta na ga ɓata lokaci ne, wa zai karanta? Na duba na Bodinga, can mutum biyar ko shida ne kawai suka yi ƙorafi, na ce waɗannan ba su zo ba ne suke ƙarya. Daga nan na yanke hukunci cewa matar nan ta saci kalmar sirrina, kuma zan je in kama ta da idona.

Laraba ta dace da zuwan wasu ƙauyuka biyu da ba a yi wa rajista ba, ga kuma mutanen Malam Badaru sun dawo a sake shigar da su. Na hau mota tun da safe na sauka Shagari. Na ja kujera na zauna bayan Atika, dab da kafaɗarta, na harɗe hannu. Ta gaishe ni, na amsa a daƙile. Idanunta sun kumbura, amma hannunta bai canza ba.

Layi ya miƙe daga bakin tebur har waje, kuma kamar yadda aka saba ko'ina a ƙasar nan, dattawa ne a gaba. Samari sun ja baya sun tsuguna a inuwar bango suna jiran manya su gama. Malam Badaru ne na farko. Ta tambaye shi suna, ya faɗa. Ƙauye, ya faɗa. Girman gona, ya faɗa. Da ta zo kan lambar waya sai ya laluba aljihun rigarsa ya zaro wani yankin kwalin sukari da aka rubuta lamba da biro, ya ajiye mata a tebur. Ta kwafe, ta adana, firinta ta fitar da takarda. Tsohon ya ɗauki kwalinsa, ya juya, ya miƙa wa na bayansa.

Na bayan ya faɗi sunansa da gonarsa, ya ajiye kwalin nan dai. Ta kwafe. Shi ma ya miƙa wa na bayansa.

Na ce, "Baba, wannan lambar wa ce?"

Malam Badaru ya ce, "Ta Sani mai caji ta. Duk garinmu ita muka badawa, ɗana. In an kira shi, shi aiko a hwaɗa muna. Mi za mu yi da waya mu?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na leƙa ƙasan allon inda adadin manoma ke fitowa. Kafin mutum na uku adadin na nan, bayan ta adana shi adadin na nan, bai motsa ba. Na ce ta nemo mini Malam Badaru. Ta buga sunansa, babu. Tsohon na tsaye a bakin ƙofa yana ninke takardarsa yana sakawa cikin hula, amma a kwamfuta an riga an shafe shi, mutum na uku ya hau kansa.

Ni na yi wannan, da hannuna. Da nake tsara rumbun bayanan na rasa abin da zan bambance manomi da manomi, tunda Muhammadu Bello kaɗai sai ka sami arba'in a gunduma ɗaya, ranar haihuwa kuma rabin mutane ba su san tasu ba. Sai na ce lambar waya, ai ba mai raba lamba da wani. Na rubuta cewa in lamba ta maimaitu, to mutumin ne ya dawo gyara, a ɗora sabon bayani a kan tsohon. Da farko har na sa wani ɗan akwati mai fitowa ya tambaya ko an tabbata, Alhaji ya ce yana jinkirta layi, na cire shi ba tare da na yi musu ba. Ni da aka haifa a Danchadi, ni da kakata har ta rasu da lambar maƙwabci ake kiranta, na zauna a shago na rubuta cewa kowane talaka na da wayarsa. Shi ya sa kowane ƙauye na ƙarshe a layi ne kawai ke tsira, na ƙarshe a layi kuwa a wurinmu kullum ƙarami ne, don ba a haifi saurayin da zai shiga gaban dattijo ba. Ladabinsu ne ya bar sunayensu, ba Atika ba.

Na ce mata ta ɗan tashi zan duba wani abu. Na buɗe laftof, na ba kowane manomi lambar shaida tasa wadda manhajar ke bayarwa da kanta, na cire sharaɗin nan na lambar waya, na haɗa, na ɗora a kwamfutar ofis. Na duba agogo da na fara, na duba da na gama, saboda layi na jira. Na ce a sake shigar da mutum ukun farko. Adadi ya ƙaru da uku.

Ta tambaye ni a hankali ko na ga wani abu. Dattawa na tsaye suna kallon bakina. Na ce ba komai ba ne, dubawa ce ta yau da kullum, ta ci gaba da aikinta. Wannan ne karo na biyu da na yi shiru, kuma ya fi na farko muni, don yanzu ba zato nake ba, sani nake. Na ce wa kaina gara in fara gaya wa shugaba, shi ya san yadda zai sanar. Ƙarya nake, tsoro ne kawai.

Bayan la'asar na sami Alhaji Mijinyawa a rumfarsa ta albasa a Bodinga, ana ɗinke buhuna. Na ja shi gefe na zayyana masa komai, kwalin sukari da layi da akwatin da ya sa na cire. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi. Sannan ya tambaye ni ko na gyara. Na ce na gyara. Ya ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Na ce ba ta ƙare ba, akwai Atika. Ya ce tun jiya ya riga ya gaya wa masu tallafi cewa ma'aikaciya ce ta yi ba daidai ba, sun kuma yarda sun ƙara mako guda a sake rajista. In yanzu ya koma ya ce manhajar ce ke cinye mutane, za su ce duk sunayen Bodinga da Shagari ba abin yarda ba ne, su ɗauke irin su kai wata ƙaramar hukuma.

Ya ce, "Kamilu, manomi dubu da wani abu a hannu ɗaya, mace guda a hannu ɗaya. Ita tana da miji, shi ciyar da ita. Kai ko in wagga magana ta hita, wa za ya sake ba ka aiki a ƙasar nan?"

Na so in ce masa wani abu mai zafi, na kuwa iya, amma sai na ji bakina ya ce Allah ya huci zuciyar Alhaji. Na fito ina zagin shi a raina, alhali na san wanda ya fi cancantar zagin.

Ranar Alhamis aka karɓi makulli daga hannunta a gaban mutane. Ba na wurin, na ce ina da aiki a shago. Alhaji ya kawo ɗan ƙanwarsa, Khalid, wanda da yatsa ɗaya yake buga rubutu kamar kaza na tsattsagar hatsi. Aka yi shela ƙauye-ƙauye, kowa ya dawo da takardarsa. Kwalin Sani mai caji ya sake zagaya layi daga dattijo zuwa saurayi, Khalid ya kwafe lambar sau talatin da ɗaya, ko suna ɗaya bai ɓace ba. Da aka manna sabuwar takarda kowa ya ga sunansa. Abin da ban hango ba ke nan, ni mai wayo. Gyaran da na yi a ɓoye shi ya zama shaidar da ta kashe ta. Mutane suka ce ga shi nan, kwamfuta ɗaya, tebur ɗaya, an canza hannu kawai komai ya daidaita.

Ranar rabon iri na kasa daurewa. Mota ta sauke buhuna a gaban ofishin Shagari, jama'a sun cika fili. Na hau kan benci ba tare da izinin kowa ba na ce a saurare ni. Na faɗi komai, na ce laifina ne, na bayyana yadda lamba ɗaya ke sa suna ya hau kan suna, na ce Malama Atika ko wurin gogewa ba ta da shi. Na yi magana har muryata ta dushe.

Malam Badaru ya bari na gama, sannan ya ce cikin natsuwa, ai da lambar nan dai ta Sani anka sake yi musu, kuma ga sunansu ya fito. Na ce don na gyara ne. Ya ce yaushe na gyara? Na ce ranar Laraba, yana tsaye. Ya ce shi ranar Laraba da kunnensa ya ji na ce ba komai ba ne, ranar Litinin kuma da kunnensa ya ji na ce abina ba ya cin suna. To wanne za su ɗauka? Wani daga baya ya ce ƙarfe ya san tsoho da yaro ne da zai zaɓa? Aka yi dariya. Wani kuma, ban ga fuskarsa ba, ya ce ashe har injiniyan ma yana cikin samarin, shi ya sa ya wuni yana zaune a bayan kujerarta. Wannan dariyar ta fi ta farko ƙarfi. Alhaji ya sa aka fara kiran suna, kowa ya juya ga buhuna, aka bar ni tsaye a kan benci.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa gidansu. Na sami Abdulaziz a zaure a kan kekensa yana ɗinki. Ya amsa sallamata, ya ba ni tabarma, bai daina taka keken ba. Na ce na zo neman gafara. Ya ce shi ba shi da abin cewa, abin da ya sani dai mutum uku sun zo sun karɓi yadinsu ba a ɗinka ba, yayyensa kuma sun zo sun tuna masa abin da suka faɗa tun farko. Ya ce da na yi shiru a ranar rabon ma da ya fi musu sauƙi. Sannan ya tashi ya leƙa ciki ya ce mata ga Malam Kamilu.

Ba ta fito ba. Ta tsaya bayan labulen ƙofar ciki, ƙafafunta kawai nake gani. Muka gaisa. Na fara bayani daga farko, yadda na zaɓi lambar waya da dalilin da ya sa, sai ta katse ni. Ta ce ta gane tun ranar Laraba, ai tana zaune ta ga adadi ya fara tafiya bayan na taɓa. Ta jira in faɗa, har aka tashi tana jira. Na ce zan rubuta takarda in sa hannu, in kai wa masu tallafin da kaina. Ta ce in kai in na ga dama, amma ba masu tallafi ne ke yin shiru in ta shiga gidan suna ba. Ta ce abu ɗaya kawai take so ta sani.

"Gyaran nan da ka yi, minti nawa ya ɗauke ka?"

Na so in ƙara, in ce awa ɗaya, ko in ce sai da na kwana biyu ina shirya shi. Abdulaziz ya tsayar da kekensa yana jira.

Na ce, "Minti huɗu."

Sai ta ce, "Da na kira ka ranar farko, Malam Kamilu, ko minti ɗaya ba ka ba ni ba."

Labulen ya motsa, ƙafafun suka koma ciki. Abdulaziz ya sa ƙafa a keke ya ci gaba da ɗinki, ni kuma na tashi na nemi takalmana.